Zaɓen da Inna Fatsuma Ba Ta Je Ba

Likitan ya gama duba idon, ya kashe 'yar fitilarsa, ya juya wajen Ummukulthum ya yi mata bayani da Turanci. Inna Fatsuma tana zaune tana jira a fassara mata. Ba ta jin Turanci, amma ta san fuskar 'yarta, ta kuma ga yadda ta yi jim kafin ta yi magana.

"Me ya ce?"

"Inna, ya ce aiki ya yi kyau. Sai dai iskar da suka sa miki a cikin idon don ta riƙe wurin da aka gyara, sai ta baje da kanta. Kafin nan ba za ki hau jirgi ba. In kin hau, idon na iya mutuwa."

"Har zuwa yaushe?"

"Kamar wata biyu."

Can Inna ta ce, "Zaɓe fa?"

Ummukulthum ta san tambayar ba tata ba ce. Zaɓen na ƙarshen watan ne, kuma duk wanda ya san Inna Fatsuma ya san ba ta taɓa fashin zaɓe ba tun ranar da aka fara barin mata su jefa ƙuri'ar 'yan majalisar tarayya a garinsu, a shekarar 1979.

Ta zo Doha ne da niyyar ta ɗan kwana biyu ta koma. Ummukulthum, wadda ke harhaɗa magunguna a wani asibiti, ita ta matsa mata ta zo a duba idon da ya daɗe yana yi mata hazo. Ana dubawa aka ce sai aiki, kuma ba a jira. Yanzu ga ta a gidan surukinta Abdulbaqi a unguwar Al Wukair, an umarce ta ta riƙa kifa fuska yawancin yini. Aka ajiye mata tebur a falo da matashi mai rami a tsakiya. Nan take wuni, goshi a kan matashi, waya a gefen kunnenta, saƙonnin murya suna shigowa daga gida ba ƙaƙƙautawa.

A Kanyara, garin da take zaune, ba a kiranta da suna, sai dai Uwar Mata. Kanyara da Tudun Shamo ƙananan hukumomi biyu ne da ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai. Mai riƙe da kujerar, Ja'afaru, yana neman zagaye na huɗu. Ɗan marigayi Malam Ɗalhatu ne, wanda ya fara wakiltar yankin, kuma Inna ta goya shi a bayanta yana jariri. Mai karawa da shi kuwa Zaituna ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, 'yar Tudun Shamo.

Ja'afaru ya kira da safe, muryarsa a dishe saboda yawon kamfe.

"Inna, ya jiki? Wallahi da na ji, hankalina ya tashi."

"Da sauƙi, Ja'afaru. Ya mahaifiyarka Hajiya?"

"Tana gaishe ki. Inna, abu ɗaya nake roƙo. Tunda ba za ki samu zuwa ba, ki ɗan naɗa mini magana a waya, mu tura wa mata. Su ji daga bakinki cewa kina nan inda kike."

A da, kafin ya rufe baki ta ce to. Wannan karon sai ta ji kanta tana cewa, "Bari idon ya ɗan lafa."

"Ba komai, Inna. Amma lokaci ya ƙure."

Bayan ya kashe, ta daɗe tana kallon ƙasa ta ramin matashin. Ita kanta ba ta san dalilin jinkirin ba.

Ranar komawa asibiti Ummukulthum tana wurin aiki, Abdulbaqi kuma yana can kamfanin gas, sai suka kira Haladu, wani direban haya da ya saba ɗaukarsu. Magidanci ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya buɗe mata ƙofa, ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ai na san ki. Ni ɗan Tudun Shamo ne. Jikan Sarkin Fawa."

"Kai, ikon Allah! Gidanku ne mai durumi a ƙofa?"

"Shi ne. An sare durumin ma."

A Tudun Shamo aka haifi Inna. Aure ne ya kai ta Kanyara, gidan wani tela. Ta shiga tambayarsa mutane ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata wanda ya rasu da wanda ke raye. Ba ta iya ɗaga kai ta ga hanya, sai dai ta ji motar tana gudu sumul, ba rami ba gargada.

"Me ya kawo ka nan?" ta tambaye shi.

"Abin da ya kawo kowa, Inna. Na yi karatun koyarwa, na koyar a firamare, abin bai riƙe gida ba. Mu 'yan Tudun Shamo muna da yawa a garin nan. Wasu gadi, wasu tuƙi. Duk Juma'a muna haɗuwa a unguwar Bin Mahmud, a ɗakin wani ɗan'uwanmu, mu ci abinci mu yi ta musun siyasa kamar muna da ƙuri'a."

"Wa kuke yi?"

Ya ɗan yi dariya. "Inna, kin san amsar. Malama Zaituna. Ba don mun ƙi Honarabul Ja'afaru ba. Amma ni tun dawowar farar hula sau ɗaya na ga ɗan garinmu ya shiga majalisar nan ya zauna, shi ma kotu ta fitar da shi. Abin da muke iyawa daga nan shi ne waya. Kowa ya kira gida ya ce a fita a zaɓe ta."

"Suna jin maganarku?"

"Wasu suna ji. Ni matata cewa ta yi in ji da tuƙina, ita ta san wanda za ta zaɓa."

Inna ta yi dariya har sai da idon ya yi mata zafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ummukulthum ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka da Inna ta zo da ita. Abdulbaqi ba ɗan yankinsu ba ne, kuma kunyar surukarsa ba ta barinsa ya yi doguwar hira da ita. Amma ranar, da ya ji wayar tana ta ƙara, sai ya ce, "Hajiya, wai yaya aka yi kika shiga harkar nan tun farko?"

Likita ya ba ta damar ɗaga kai lokacin cin abinci. Ta wanke hannu, ta jingina.

"Ƙuli-ƙuli nake sayarwa da man gyaɗa," ta ce. "Babu gidan da ba na shiga a Kanyara. Da sojoji suka ce za su miƙa mulki, aka ce har mata za su yi zaɓe, maza da yawa suka ce matansu ba za su fita ba. Malam Ɗalhatu hedimasta ne a lokacin, shi ya tsaya takara. Matarsa Rukayatu ƙawata ce. Ita ta ce mini, Fatsuma, ke da kike shiga ko'ina, zo mu koya wa mata dangwale. Muka samu kwali muka zana gida-gida, muka jiƙa shuni a murfin kwano. Mace ta tsoma yatsa ta dangwala, in ta haura layi mu ce ta sake. Wasu mazan suka kore mu. Wasu suka ce sun yarda, amma sai rana ta yi sanyi, kuma a lulluɓe. Ranar zaɓen da la'asar na tsaya a bakin makaranta, na ga mata suna fitowa daga lunguna, wasu rabonsu da titi tun ranar da aka kai su ɗaki. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban sake gani ba."

"Ya ci?"

"Ya ci. Ya sake ci bayan shekara huɗu, ba a daɗe ba sojoji suka dawo. Ya koma gida ya ci gaba da noma. Lokacin Tudun Shamo tana ƙarƙashin Kanyara, ba wanda ke maganar namu da nasu. Sai zaɓen casa'in da biyu, da aka ce jam'iyya biyu ce kawai, kuma layi za a yi a bayan hoton ɗan takara, kowa na ganin kowa. Wani mai fataucin shanu ya fito daga Tudun Shamo, Alhaji Gariba. Ni aka tura garinmu in yi wa Malam kamfe. Yayana ya tare ni a zaure ya ce, Fatsuma, ɗan garinku ya fito, ke kuma kin zo da hoton baƙo? Ya shekara bai yi mini magana ba. Gariba ya kayar da Malam. Bai cika shekara a kujerar ba aka sake rushe komai."

Ta sha ruwa. Ummukulthum ta san labarin nan, amma ba ta taɓa jin uwar ta jero shi haka ba.

"Daga baya aka ba Tudun Shamo ƙaramar hukumarta. Da farar hula suka dawo, aka haɗa mu kujera ɗaya. Kanyara ta fi yawan jama'a, kowa ya sani, in za a bi yawa da wuya Tudun Shamo ta sake ci. Sai dattawan garuruwan biyu suka zauna a gidan Malam, ni na dafa abincin taron. Suka ce karɓa-karɓa za a yi: Kanyara ta yi zagaye biyu, Tudun Shamo ta yi biyu. Ba a rubuta ba. Fatiha aka shafa. Wani lauya ɗan Kanyara ya yi nasa biyun. Aka ba ɗan Tudun Shamo, ya shiga, sai abokin takararsa na wata jam'iyyar, wanda ɗan Kanyara ne, ya kai ƙara. Kotu ta ce shi ya ci. Kafin zaɓe na gaba Malam ya rasu, dattawan ma yawanci sun rasu. Ja'afaru ya fito. Aka ce ɗan Malam ne, a bar shi ya yi ɗaya. Ga mu nan har yau."

"Ya yi aiki kuwa?" in ji Abdulbaqi.

"Ya yi. Ba zan ce bai yi ba. Asibitin mata na Kanyara shi ya tsaya aka gina. Yara da yawa ya samar musu makaranta. Jam'iyya ce dai ya canza har na daina riƙe alamar, sai in ce wa mata ku nemi inda Ja'afaru yake." "Amma rabon da ya kwana a Tudun Shamo, ban sani ba."

Da yammacin ranar Zaituna ta kira. Inna ta san ta tun tana ƙarama. Mahaifiyarta tana cikin matan da suka fara tsoma yatsa a shuni.

"Inna, na ji an yi miki aiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

"Amin, 'yar nan. Ya fama da jama'a?"

"Alhamdu lillahi. Gaishe ki kawai na kira in yi."

"Ba ki da wata magana?"

"Babu, Inna."

"Kowa yana neman wani abu a wurina, ke ba kya nema?"

Zaituna ta ce, "Na san gidan da kike, Inna. Ba zan so a ce ni na raba ki da su ba. Ki yi mini addu'a in ta samu."

Maganar ta tsaya wa Inna a rai. Ba ta san ko girmamawa ce ko kuwa yarinyar ta riga ta cire ta daga lissafi ba.

Washegari Hajiya Rukayatu da kanta ta kira. Muryarta ta tsufa, tana magana tana hutawa.

"Fatsuma, yaron nan ya ce har yanzu bai ji daga gare ki ba."

"Ido ne, Hajiya."

"Ai ba da ido ake magana ba." Suka yi dariya tare, irin ta mutanen da suka daɗe da sanin juna. Sai Rukayatu ta sassauta murya. "Ɗanki ne. Ke kika goya shi ranar da muka je Unguwar Maƙera, kin tuna? Ni na gaji, ke kika karɓe shi."

"Na tuna. Hajiya, kin tuna taron da aka yi a gidanku? Ranar da aka shafa Fatiha?"



"Na tuna," in ji Rukayatu. "Amma waɗanda suka shafa ta sun tafi, Fatsuma. Mu muka rage, mu kuma ba a tambaye mu ba ranar. Abinci muka dafa."

Kwanakin da suka biyo baya Inna ba ta da sukuni. Ta sa Ummukulthum ta nuna mata inda ake dannawa a naɗi murya. Sai ta fara, "Matan Kanyara da Tudun Shamo, Fatsuma ce," ta yi bayani har ta iso inda za ta ambaci suna, sai ta tsaya ta ce a goge. Wani lokaci sunan Ja'afaru ne a bakinta, wani lokaci na Zaituna. Ummukulthum ta gaji ta ce, "Inna, ki bar shi mana. Khalas, shi ke nan. Ba ki da lafiya, kowa ya sani. Ba wanda zai ga laifinki."

"Ba laifi nake gudu ba. Matan nan jira suke. Ban taɓa barinsu su je rumfa ba su san inda na tsaya ba."

Ana gobe zaɓe, bayan sallar azahar, ta naɗa ta kuma ce a tura. Ta gaishe su, ta gaya musu jikinta da sauƙi. Ta ce kowace ta fita da wuri, ta riƙe katinta da kyau, ta ci abinci kafin ta fita don layi zai yi tsawo. Ta ce masu ciki da tsofaffi a bar su su shiga gaba. Ta ce kada wadda ta bari a riƙe mata hannu, kuma in da hali a tsaya har a ƙirga. Ta yi musu addu'a ta rufe. Ba ta ambaci kowa ba.

Ja'afaru bai kira ba.

Ranar Asabar ta yi wanka tun da sassafe, ta ɗaura atamfarta mai kyau, ta yafa mayafi, ta zo ta zauna a teburin ta kifa kai. Ummukulthum ta dube ta, ta ajiye mata wayar a gefen kunnenta. Doha tana gaban gida da awa biyu, don haka sai da hantsi ya yi sosai kafin waya ta fara ƙara. Wannan ta ce malaman zaɓe ba su iso ba. Waccan ta ce na'ura ta ƙi karanta yatsanta sai da aka ɗauki fuskarta. Wata ta kira don kawai Inna ta ji hayaniyar layi. Inna tana ba da shawara, tana faɗa, tana tambayar ko an je an ɗauko wance da ba ta iya tafiya.

Wajen la'asar Bilkisu ta kira. Ita ce mataimakiyarta, mai sayar da atamfa a kasuwar Kanyara, ita ke riƙe da matan tun da Inna ta taho.

"Inna, mun gama. Akwai maganar da nake so in faɗa miki kafin ki ji a bakin wani."

"Ina ji."

"Mu dai Malama Zaituna muka yi. Ba duka ba, amma yawancinmu."

Inna ta ɗago kai, ta manta da umarnin likita. "Saboda ban faɗi suna ba?"

"A'a, Inna. Tun kafin ki tafi muka yi shawara. Mun zauna a gidana, muka zauna a gidan Ladi mai koko. 'Ya'yanmu da yawa ita ta koyar, har na Kanyara. Kuma mun ga Honarabul ya yi uku, ya isa."

"Tun kafin in tafi."

"Eh."

"Kuna zuwa gidana kuna gaishe ni, kuna shan furata, ba wadda ta ce mini komai?"

"Mun ji nauyinki ne. Mun san tsakaninki da Hajiya. Muka ce in mun faɗa miki, ko ki hana mu mu ƙi ji, ko ki bi mu ki ɓata da ita. Gara mu yi abinmu, ke kuma hannunki ba ya ciki."

"Da na turo sunan Ja'afaru fa?"

Bilkisu ta ce, "Da mun saurara, Inna. Da mun ce Allah ya ƙara miki lafiya."

Inna ta ajiye wayar. Ummukulthum ta fito daga kicin ta same ta zaune, kai a ɗage, hawaye na zuba daga lafiyayyen idon.

"Inna, lafiya? Ki mayar da kanki, don Allah."

Ta mayar da goshinta kan matashin. Daga nan, murya a toshe, ta ba ta labari. Ummukulthum ta zauna kusa da ita ta dafa bayanta.

"Sun ɓata miki rai."

"Sun ɓata." Ta ja numfashi. "Ni ina nan ina ta juyi, na hana kaina barci, ashe an gama magana a gidan Ladi mai koko." Sai kuma ta yi wata 'yar dariya. "Uwar Ladin nan, sai da na riƙe mata yatsa kafin ta iya dangwalawa. Hannunta rawa yake yi."



Sakamakon ya fito bayan kwana biyu. Ja'afaru ya ci, amma da ƙyar. Zaituna ta kwashe Tudun Shamo kusan gaba ɗaya, ta kuma ci mazaɓu da dama a cikin Kanyara, har da rumfar da ke ƙofar gidan Inna, inda gidan Malam Ɗalhatu bai taɓa faɗuwa ba. Nan take magana ta bazu a gari cewa Uwar Mata ce ta juya mata daga Doha, cewa shirun da ta yi a saƙon nan umarni ne. 'Yan Tudun Shamo na Bin Mahmud suka zo gaba ɗayansu ranar Juma'a da kwalin dabino, wai sun zo godiya. Ta ce musu ba ta yi komai ba. Suka yi murmushi, suka ce sun gane. Ta kira Hajiya Rukayatu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira washegari, haka.

Azumi ya kama tana Doha. Ana cikin goman farko Ja'afaru ya kira Abdulbaqi ya ce yana dawowa daga Umara, jirginsa zai tsaya a Doha, yana so ya zo ya duba Inna. Haladu aka tura ya ɗauko shi. Ya iso ana dab da shan ruwa, shi kaɗai, ba 'yan rakiya. Ya rame. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta, ya ƙi hawa kujera.

Sai da aka sha ruwa aka yi sallah, Abdulbaqi da Ummukulthum suka ba su wuri, sannan ya ce, "Inna, me na yi miki?"

"Ba ka yi mini komai ba."

"An ce ke kika ce su bar ni."

"Ka ji saƙon da kunnenka. Abin da na faɗa ke nan, ban faɗi wani a ɓoye ba. Ja'afaru, da na ce su bar ka, da na faɗa maka kai ma. Matan nan ba su tambaye ni ba. Sun yanke shawararsu tun ina gari, ni ma ranar zaɓe na ji."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba. Ga alama wannan ya fi tayar masa da hankali fiye da abin da ya zo da shi.

"To me ya sa ba ki faɗi sunana ba?"

"Na gwada. Bakina ya ƙi. Duk sanda na zo wurin sai in tuna mahaifinka zaune a tabarma yana cewa Tudun Shamo 'yan'uwanmu ne, ba za mu danne su da yawa ba. Na gwada faɗin na Zaituna, shi ma ya ƙi, saboda kai."

Ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa. "Yarjejeniyar nan ba ni na karya ta ba, Inna. Na tarar da ita a karye."

"Gaskiya ne. Ka tarar da ita a karye, ka wuce ta."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Ka ci zaɓe, Allah ya sa albarka. Ni ba zan ce maka ka sauka ba, ba kuma zan ce kada ka sake tsayawa ba. Ka ga dai ba a tambayata yanzu. Amma ka je Tudun Shamo. Ba da jiniya ba. Ka kwana, ka yi sallar asuba a masallacinsu, ka zauna ka ji abin da za su ce, ko zagi ne. Ka je gidan Zaituna ka gaishe ta."

"Ta kai ni kotu, Inna."

"To ka gaishe ta, ku haɗu a kotun."

Ya yi murmushin da bai shirya ba. Ya ɗauki dabino ɗaya ya juya shi a hannu, bai ci ba.

"Hajiya fa?" Inna ta tambaya. "Ta ƙi ɗaukar wayata."

"Tana fushi. Amma da zan taho ta ce in duba mata ko kin rame, in kuma tambaya ko ana ba ki fura a nan."

"Ka ce mata ba a ba ni. Ka ce nonon garin nan ba shi da tsami."

Bai yi alkawarin komai ba. Ya yi mata sallama, ya ce jirginsa ba zai jira ba, Haladu ya mayar da shi filin jirgi.

Washegari da hantsi Haladu ya zo kai ta asibiti. Yanzu an bar ta ta zauna daidai, tana kallon gari ta taga: fararen gidaje masu katanga iri ɗaya, da 'yan itatuwan da aka jera a tsakiyar titi ana ba su ruwa ta siririn tiyo.

"Jiya kun yi hira da Honarabul?" ta tambaya.

"Da farko shiru ya yi. Sai da muka hau babban titi ya tambaye ni ɗan ina ne. Na ce Tudun Shamo. Ya ce wa na yi. Na ce ba ni da ƙuri'a, amma da ina da ita ba shi zan ba ba."

"Ka faɗa masa haka?"

"Na faɗa, Inna. Ya yi dariya. Sai ya shiga tambayata, mu nawa ne a nan, me ya fitar da mu, makarantar da na koyar tana nan ko ta rushe. Har muka isa yana tambaya. Da zai sauka ya karɓi lambata." Haladu ya sa sigina ya shiga layin dama. "Ban sani ba ko zai kira."

"Ni ma ban sani ba," in ji Inna.

Suka yi tafiya kaɗan. Can ta ce in sun fito daga wurin likita ya biya da ita kasuwar Wakra, tana so ta sayi turaren wuta da 'yan mayafai na tsaraba. Ya tambaye ta guda nawa, don ya san shagon da zai kai ta. Ta fara lissafo sunayen matan, ta kai wajen Bilkisu ta ɗan tsaya, sannan ta ce a sa da ita, a sa da Ladi.